Fentin Ruwa: A Fara da Sanin Damshin Takarda

Zanen farko da na yi da fentin ruwa na wani tsohon tulu ne da ke jingine a gindin darbejiya a tsakar gidanmu. Na yi shi a kan takardar littafin rubutu, da ɗan akwatin fenti irin na 'yan firamare, kuma tun kafin in gama gefe ɗaya na tulun takardar ta kumbura ta yi tudu da kwari, ruwan ya gangara ya taru a kwarin, jan ƙasar da na shafa wa tulun ya kutsa cikin koren ganyen da bai bushe ba, suka cakuɗe suka zama launin taɓo. A lokacin na ɗora laifin a kan hannuna da kuma arahar fentin. Sai da na shafe watanni ina gwaji kafin na gane cewa abin da ya fi ba mai koyo wahala a wannan sana'a shi ne ruwan kansa: yawan wanda ke cikin buroshi, yawan wanda ke jikin takarda, da abin da ke faruwa idan suka haɗu. Wanda ya fahimci wannan zai iya yin zane mai kyau da launi uku kacal, wanda kuwa bai fahimta ba, ko akwati mai launi arba'in ya saya zai ci gaba da samun taɓon da na samu.

Yana da kyau mutum ya san abin da yake aiki da shi. Fentin ruwa garin launi ne da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai, aka haɗa shi da ƙaro domin ya kama takarda bayan ruwa ya tsane, sannan a kan ƙara zuma ko gilisarin don kada ya ƙame ya tsattsage. Ƙaron nan shi ne dai wanda muka sani, wanda ake samu a jikin dakwara, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi, Chadi da Najeriya ma suna cikin manyan masu samar da shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa tawadar allo, a niƙa baƙin gawayi a dama shi da ƙaro, ya riga ya ga asalin fentin ruwa, domin dabarar ɗaya ce. Shi ya sa tawada take wankuwa daga allo, shi ya sa kuma fentin ruwa yake sake narkewa idan ruwa ya taɓa shi ko bayan ya bushe. Wannan hali nasa ne ke ba mai zane damar gyara wasu kurakurai, kuma shi ne ke ɓata masa aiki idan ya yawaita goga buroshi a wurin da ya riga ya shafa.

Fentin da ake sayarwa a yau kashi biyu ne: busasshe a cikin 'yan ƙananan kwanoni, da mai laushi wanda ake matsowa kamar man goge baki. Busasshen ya samo asali ne a Ingila, inda William Reeves ya samu lambar yabo a 1781 saboda dunƙulen fentin da ya ƙirƙiro, daga baya kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a Landan a 1832, ya fito da mai ɗan damshi wanda buroshi ke iya ɗiba nan take. Ga mai koyo duka biyun suna yi. Na fi son busasshen saboda ba ya ƙarewa da wuri kuma yana da sauƙin ɗauka, sai dai a ɗiga wa kowane launi ruwa kaɗan a bar shi ya jiƙa na minti biyu ko uku kafin a fara aiki, in ba haka ba sai mutum ya yi ta ƙwaƙular fentin har bakin buroshi ya lalace.

Idan kuɗi kaɗan ne a hannu, shawarata ita ce a kashe mafi yawansu a kan takarda. Takardar da ake buga rubutu da ita a ofis nauyinta giram 70 zuwa 80 ne a kowace murabba'in mita, ba a yi ta don ta sha ruwa ba. Wadda ta dace da fentin ruwa ita ce mai giram 300, kuma za a ga an rubuta adadin a jikin bangonta. Mafi inganci ita ce wadda aka yi da auduga zalla, irin ta Arches da ake yi a Faransa ko wasu daga cikin na Fabriano a Italiya, domin auduga tana shan ruwa a hankali, tana riƙe damshi daidai a ko'ina, ta ba mai zane lokacin da zai yi tunani. Wadda aka yi da ɓargon itace ta fi araha, ana kuma iya koyo da ita, amma ruwa yana kwanciya a samanta ne, ya bushe da sauri a wani wuri ya daɗe a wani, launin da aka fara shafawa kuma yakan tashi idan aka ɗora wani a kansa. Akwai kuma bambancin fuska: mai santsi, mai matsakaicin kaushi, da mai kaushi sosai. Ta tsakiyar ce ta fi dacewa da farawa, saboda 'yan ramukan da ke jikinta suna riƙe ruwa su hana shi gudu, ba su kuma kai su hana zana ƙananan abubuwa ba. Na san takardar auduga tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba. Abin da nake yi shi ne in yanka babbar takarda gida takwas, in yi aiki a kan ƙananan, idan zane ya lalace in juya bayansa in yi gwaji a kai. Kafin a fara, a manne gefunanta huɗu a jikin katako da tef ɗin takarda, hakan yana rage kumburi, idan an ɓare shi kuma ya bar farin layi mai kyau a kewayen zanen.

Sauran kayan ba su da yawa. Buroshi mai zagayen baki lamba 8 ko 10, wanda idan ya jiƙa bakinsa ke yin tsini, zai yi kusan komai, sai kuma mai faɗin baki guda ɗaya don shafe wuri mai girma. Na roba na zamanin nan ya wadatar. Farin farantin tangaran ya fi na roba daɗin dama launi, domin ruwa ba ya tattaruwa ya yi ɗigo-ɗigo a kansa. Kofin ruwa biyu, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya mai tsabta na dama fenti, da tsohon tsumma na auduga wanda zai zauna a hannun da ba ya riƙe da buroshi. Tsumman nan ba ƙaramin aiki yake yi ba, domin da shi ake rage ruwan buroshi kafin ya sauka a takarda.

Game da launi, shida sun isa, har ma uku a makonnin farko. Ina ba da shawarar shuɗin ultramarin, wanda ake rubuta wa lambar PB29 a jikin mazubinsa, da jan ƙasa mai suna siyena, wanda ya samo sunansa daga garin Siena na Italiya, da rawayar ƙasa mai lamba PY43. Idan aka haɗa shuɗin da jan ƙasar ana samun ruwan toka iri-iri, daga mai sanyi irin na hadari zuwa mai ɗumi irin na inuwar katangar laka, idan kuma aka rage ruwa suka yi kauri sai su ba da launi mai duhu wanda ya fi baƙin fenti rai. Daga baya a ƙara ja mai haske, rawaya mai haske da wani shuɗin. Lambobin nan suna da amfani, saboda kamfanoni kan ba launi ɗaya sunaye daban-daban, amma lambar ba ta canzawa, kuma fentin da ke ɗauke da lamba ɗaya tak ya fi haɗuwa da wasu cikin tsabta a kan wanda aka riga aka cakuɗa gari uku a cikinsa.

Yanzu ga batun ruwa. Da farko akwai kaurin abin da aka dama a faranti. Nakan kwatanta shi da abubuwan sha: akwai mai tsinkewa kamar ruwan shayi, wanda ake yin sararin sama da wurare masu haske da shi, akwai mai kaurin kunun gyaɗa, wanda yawancin jikin zane ke buƙata, akwai kuma mai kaurin koko da ya huce, wanda ake ajiyewa don wurare masu duhu a ƙarshe. A fentin ruwa ba a haskaka launi da farin fenti, ruwa ake ƙarawa don farin takarda ya leƙo ta ƙarƙashinsa. A kuma riƙa tunawa cewa launi yana dusashewa idan ya bushe, don haka abin da ya yi daidai a ido yana jiƙe zai yi haske fiye da yadda ake so, gara a dama shi ya ɗan fi ƙarfi.

Sannan akwai halin takarda, wanda na fi so mai karatu ya tsaya a kansa. Ka shafa ruwa zalla a kan guntun takarda, ka karkata kanka ka kalle ta ta gefe inda haske ke dukanta. Da farko za ka ga ruwa kwance yana ƙyalli kamar madubi. Duk launin da ka sa a wannan lokaci zai bazu ya tafi inda ya ga dama. Bayan ɗan lokaci ƙyallin zai ragu, ƙwayoyin takardar su fara bayyana amma da sauran sheƙi. Wannan shi ne lokaci mafi daɗi, domin launi zai bazu kaɗan ya tsaya, ya ba da gefe mai laushi irin na girgije ko bishiyoyin nesa. Daga nan sheƙin zai ɓace gaba ɗaya, takardar ta yi kamar ta bushe, alhali idan ka taɓa ta da bayan yatsa za ka ji sanyi. A wannan matakin ne mafi yawan zanen masu koyo ke lalacewa. Mutum ya ga wani ɗan wuri bai yi masa ba, ya tsoma buroshi a ruwa ya koma don ya gyara, sai sabon ruwan ya shiga cikin damshin ya ture garin launin da bai gama kamawa ba zuwa gefe, ya bar jirwaye mai farin tsakiya da baki mai duhu, irin wanda ɗigon rufi ke bari a jikin silin. Ƙa'idar da na riƙe ita ce, idan zan taɓa wurin da ke da damshi, dole ruwan buroshina ya kasa na takardar, wato in dama fentin da kauri in kuma taɓa buroshin a tsumma. Idan ba haka ba, in janye hannu har sai sanyin nan ya tafi. Mataki na huɗu shi ne bushewa sosai, inda layi ke fita da kaifi kuma ake iya ɗora wani launi a kan na farko.

Yanayin gari yana canza tsawon waɗannan matakai ƙwarai, kuma wannan abu ne da darussan da aka shirya a ƙasashe masu sanyi da laima ba su cika damuwa da shi ba. A lokacin hunturu da bazara, idan iska ta bushe, takarda kan tsallake daga ƙyalli zuwa bushewa kafin ka koma faranti ka ɗebo launi. Abin da ke taimaka mini shi ne in yi aiki da sassafe, in kashe fanka, in dama launin da ya fi abin da nake buƙata tun kafin in taɓa takarda, wani lokaci kuma in jiƙa bayan takardar ma don ta daɗe da damshi. Ƙurar hunturu tana manne wa jiƙaƙƙen zane, don haka a rufe taga. Da damina kuwa sai haƙuri, domin wuri ɗaya kan daɗe bai bushe ba, kuma a bar akwatin fenti a buɗe ya sha iska kafin a rufe shi don kada ya yi fumfuna.

Darasin farko da ya kamata hannu ya saba da shi shi ne shimfiɗa launi ɗaya bai ɗaya ba tare da layi-layi ba. A zana murabba'i da fensir, a tokare saman katakon da littafi ya ɗan karkato, a cika buroshi da launi a ja layi ɗaya daga hagu zuwa dama a can sama. Saboda karkatar, ruwa zai taru a ƙasan layin kamar jerin tsakiya. A sake cika buroshi, a ja layi na biyu yana taɓa wannan taruwar ruwan, sai ta gangaro ta biyo shi, a ci gaba haka har ƙasa ba tare da an koma sama ba ko da an ga wani ɗan farin ɗigo da aka tsallake. Muddin taruwar nan tana nan ba za a samu layi ba. Idan an kai ƙasa, a wanke buroshi a matse shi a tsumma, a taɓa bakinsa a ruwan da ya rage ya tsotse shi, domin idan aka bar shi zai koma sama ya yi jirwaye. Wanda ya iya wannan sai ya gwada ƙara ruwa kaɗan a faranti bayan kowane layi, launin ya riƙa haske yana saukowa, irin yadda sararin sama ke da ƙarfin shuɗi a bisa ya yi fari-fari kusa da ƙasa. Murabba'i goma a rana na mako guda suna gyara hannu fiye da yadda ake zato.

Wani abu kuma da ke bambanta fentin ruwa da sauran fenti shi ne tsarin aiki daga haske zuwa duhu. Launi mai haske ba ya rufe mai duhu, don haka wurin da zai zama fari dole a san shi tun farko a kewaye shi, a bar takardar yadda take. Wannan yana tilasta wa mutum ya kalli abin da zai zana da kyau kafin ya jiƙa buroshi, ya tambayi kansa daga ina haske ke zuwa, ina ne mafi haske, ina ne mafi duhu. Runtse ido kaɗan yana taimakawa, saboda ƙananan abubuwa sai su ɓace, manyan sassan haske da inuwa su fito. Ana ɗora launi a kan launi ne bayan na ƙasa ya bushe sarai, da buroshi mai laushi, shafa ɗaya a wuce. Rawaya a ƙasa, siririn shuɗi a sama, sai ido ya ga kore mai haske wanda ya bambanta da wanda aka dama a faranti. Shimfiɗa biyu ko uku sun isa, bayan haka takarda kan rasa haskenta.

Idan wuri ya yi duhu fiye da kima ana iya ɗage launin. Yana jiƙe, a danna tsumma mai tsabta ko buroshin da aka matse, kuma da wannan dabarar ake fitar da farin girgije daga jiƙaƙƙen shuɗi. Idan ya bushe, a jiƙa wurin da ruwa mai tsabta, a ɗan goga a hankali, a danna tsumma. Ba kowane launi ne ke yarda ba: ultramarin da launukan ƙasa suna tashi cikin sauƙi, amma wani shuɗi mai ƙarfi mai lamba PB15 yana rina takarda kamar baba, ba ya fita gaba ɗaya. Akwai wasu dabaru da masu koyo ke ɗokin gwadawa, kamar barbaɗa gishiri a jiƙaƙƙen launi ya bar tabo kamar taurari, ko jan buroshi mai ƙarancin ruwa da sauri a kan busasshiyar takarda don a samu kaushin bawon itace. Na biyun yana da amfani sosai. Gishirin kuwa ina ganin a gwada shi sau ɗaya a sani, kada a dogara da shi.

Masu koyo da yawa suna jinkirta farawa saboda suna jiran abin da ya cancanci a zana. A 1503 Albrecht Dürer, mai zanen nan na Jamus, ya zana guntun ciyawar bakin hanya da fentin ruwa, da ganyayenta da saiwarta da lakar da take ciki, zanen yana nan ajiye a gidan tarihi na Albertina a ƙasar Austriya. Albasa ɗaya a kan faranti, ko mangwaro, ko buta a bakin ƙofa, kowannensu yana da haske da inuwa da siffar da za su koyar da duk abin da na lissafa a sama.

Bayan kusan shekara guda na koma wa tulun nan, da guntun takardar auduga da launuka ukun da na ambata. Na zauna da hantsi, rana tana dukansa daga hagu. Na zana siffarsa da fensir a hankali, na yi wa ɗan wurin da ke sheƙi a kafaɗarsa alama don in bar shi fari. Na shafa rawayar ƙasa mai tsinkewa a duk jikinsa, tun tana sheƙi na ɗebo jan ƙasa mai ɗan kauri na sa a gefen dama, na bar shi ya bazu da kansa zuwa tsakiya. Daga nan na ajiye buroshi a kan tsumma na jira, ina taɓa gefen takardar da bayan yatsa lokaci-lokaci har sanyin ya tafi. Sannan na dama shuɗi da jan ƙasa na yi inuwar da ke kwance a ƙasa, na fara ta daga gindin tulun don kada ya zama kamar yana shawagi, na tausasa ƙarshenta da buroshi mai ɗan damshi. Bakin tulun, inda ya fi ko'ina duhu, shi na yi a ƙarshe da launi mai kauri, shafa biyu kawai. A ƙasan cikinsa akwai wani ɗan jirwaye da ya fito inda ruwa ya taru ban lura ba, na bar shi, domin ya yi kama da damshin da ke tsattsafowa a jikin tulun gaske idan an cika shi da ruwa.